Mu Bar 'Ya'yanmu Su Zurfafa a Ilimin Zamantakewa



Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowa shi ne wani abu da ya faru a zaman kwamitin ilimi na ɗaya daga cikin gundumominmu. Wata 'yarmu da ta gama digirin farko, ta kuma yi bautar ƙasa, ta kawo takardar neman taimako domin ta koma jami'a ta yi digiri na biyu a ilimin zamantakewar jama'a, wanda 'yan boko ke kira soshiyoloji. A zama ɗaya aka karanta takardarta tare da ta wani saurayi mai son karatun lauya, da ta wani mai shirin shiga makarantar tauhidi. Waɗannan biyun ba a ɓata lokaci a kansu ba. Da aka zo kanta sai ɗaki ya yi tsit. Can sai wani baba, mutumin kirki wanda ya sha sayar da awakinsa domin karatun 'ya'ya, ya gyara murya ya ce, "'Yata, ki gafarce ni. Likita mun san shi, yana ba da magani. Lauya mun san shi, yana tsaya mana a kotu. Fasto kuwa ba sai an faɗa ba. To, shi wannan naki, in kin gama, me za ki riƙa yi mana?" Yarinya ta sunkuyar da kai, ta ce, "Baba, zan yi bincike." Aka yi 'yar dariya, aka ɗage maganarta zuwa wani zama.

Ba mu ga laifin baba ba ko kaɗan. Kuɗin da kwamiti ke rabawa daga baikon talakawa ya fito, daga hannun gwauruwa mai sayar da ƙosai da manomin da ya kai mudun acca kasuwa. Wanda aka ba amanar irin wannan kuɗi dole ya yi tambaya. Amma tambayarsa tana bukatar amsa wadda ta fi ta ranar nan, kuma ra'ayinmu shi ne: ya kamata a taimaki yarinyar nan, da ire-irenta, domin rashinsu ya daɗe yana cutar da mu ba mu lura ba.

Bari mu fara da bayanin abin da ake koya a wannan fanni. Ilimin zamantakewa shi ne nazarin yadda mutane ke zama tare: aure da iyali, gado da ƙasar noma, sarauta, addini, ƙaura daga ƙauye zuwa birni, talauci, aikata laifi, da dalilin da ke sa maƙwabtan da suka yi shekaru suna cin tuwo a akushi ɗaya su wayi gari suna gaba. Wani Bafaranshe mai suna Auguste Comte ne ya raɗa wa fannin sunan da ake kiransa da shi yau, a ƙarni na 19, ko da yake tun a 1377 Ibn Khaldun, mutumin Tunis, ya yi rubutu a kan yadda al'ummomi ke tashi da yadda suke faɗuwa. A ƙasarmu kuwa, Nathaniel Fadipe ya rubuta kundin digirinsa na dakta a Landan a kan zamantakewar Yarabawa, aka buga shi littafi a 1970, shekaru da yawa bayan rasuwarsa.

A digirin farko ɗalibi yana karanta abin da wasu suka gano. A digiri na biyu da na uku ne ake koya masa ya gano da kansa. Shekarar farko takan tafi a aji: ra'ayoyin manyan masana, hanyoyin bincike, da lissafin ƙididdiga. Bayan haka sai ya zaɓi tambaya guda, ya kare ta a gaban malamai, sa'an nan ya fita cikin jama'a. A nan ake koya masa yadda zai zaɓi gidaje ɗari uku su wakilci gari mai gidaje dubu goma ba tare da son kai ba, yadda zai tsara tambaya kada ta sa wa mutum amsa a baki, yadda zai nemi yardar wanda yake yi wa tambaya ya kuma rufa masa asiri, da yadda zai rarrabe abin da ya gani da abin da aka gaya masa. A ƙarshe ya rubuta kundi, wani malami daga wata jami'a dabam ya zo ya tsitstsiye shi. A ƙa'ida digiri na biyu bai kamata ya wuce shekara biyu ba, na dakta kuwa aƙalla shekara uku ne. Ana yin wannan karatu a Zariya, da Jos, da Kano, da Maiduguri, da Makurɗi da sauransu, ba sai an ƙetare teku ba.

To, me ya sa mu musamman muke bukatarsa?

Na fari, domin an daɗe ana rubuta labarinmu ba da hannunmu ba. A 1912 wani hafsan Turawa mai suna Tremearne ya buga littafi a kan mutanen yankin Kagoro da kewaye, sunan littafin kansa yana kiransu masu wutsiya masu farautar kawuna. A 1925 da 1931 C. K. Meek, ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka, ya fitar da manyan littattafansa a kan ƙabilun Arewa. Har yau ɗan Bajju ko ɗan Bachama ko ɗan Bura da ke neman abin da aka rubuta a kan kakanninsa, sau da yawa wurin waɗannan zai koma. Ba mu ce duk abin da baƙi suka rubuta ƙarya ne ba. Robert Netting, Ba'amurke, ya zauna cikin Kofyar a ƙasar Filato, kuma littafinsa na 1968 ya nuna wa duniya gwanintarsu ta noman kan dutse, da yadda suke tare ƙasa da jeren duwatsu, suna kuma ciyar da ita da takin awaki. Ya yi aiki mai kyau. Amma ko baƙon kirki da tafinta yake ji, kuma in ya gama sai ya naɗe takardunsa ya tafi. Marasa kirkin kuwa, bisa rahotonsu aka ja iyakokin gundumomi, aka ce wannan ya mulki wancan, kuma wasu daga cikin iyakokin nan su ne muke kuka da su har gobe.

Na biyu, domin ranar da aka kira mu mu faɗi kukanmu, hujja ake tambaya. A 1957 Turawa sun kafa kwamitin Willink domin ya saurari tsoron da ƙananan ƙabilu ke ji kafin a ba da 'yancin kai. Iyayenmu sun je sun yi magana, kwamiti ya ba da rahoto a 1958, bai yarda a ƙirƙiro sababbin jihohi ba, sai dai ya ce a sa haƙƙoƙin ɗan Adam a cikin tsarin mulki. A wancan zamani masu zurfin karatu a cikinmu ba su taka kara sun karya ba, don haka ba mu zargin kowa. Amma tun daga rikicin Kafanchan na 1987, da na Tafawa Balewa na 1991, da Zangon Kataf a 1992, da Kaduna a 2000, da Jos a 2001 da 2008, kwamitocin bincike nawa aka kafa? A kowanne ana ce mana mu kawo takarda. Mukan zauna dare ɗaya mu rubuta, mu ce "an kashe mutane masu yawa, an ƙone gidaje ba adadi." Alƙali ba ya aiki da "ba adadi". Yana so ya ji gida nawa, na wa, a wace unguwa, wace rana, wa ya gani. Haka kuma tun bayan da Boko Haram ta tarwatsa garuruwan Gwoza da Chibok da Michika da Mubi a 2014, 'yan'uwa suka watsu, wasu har sansanin Minawawo a Kamaru. Iyali nawa suka koma gida? Yara nawa suka daina makaranta? Gonakin wa aka rasa? Addu'a da buhun masara mun kai, Allah ya saka wa masu bayarwa. Amma lissafin da za a ajiye wa jikoki, wanda zai tsaya a gaban kowace hukuma, aikin wanda aka horar ne.

Baba ya ambaci lauya, to bari mu ba shi misali. A 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci cewa raba makarantun yara baƙaƙe da farare ya saɓa wa tsarin mulki. Lauyoyi ne suka tsaya a kotu, amma a cikin hukuncin alƙalai sun ambaci binciken masana halayyar mutane da zamantakewa a kan illar da wariya ke yi wa yara. Ashe lauyan da muke so ya tsaya mana, shi ma da guzurin mai bincike yake tafiya.

Na uku, domin ba mu san yawanmu ba. Ƙidayar 1991 da ta 2006 duk ba su tambayi ƙabila ko addini ba. Ta 2006 ta ce mutanen Nijeriya sun kai miliyan 140, wadda aka shirya yi a 2023 kuwa aka ɗage ta. Saboda haka kowa ya tashi sai ya faɗi adadin da ya yi masa daɗi, har da mu. Ko a cikin gida, ikilisiya nawa ce za ta iya faɗin matasa nawa suka bar ƙauye cikin shekara biyar, ina suka nufa, da me suke ci? Muna gina majami'a mai ɗaukar mutum dubu a ƙauyen da samarinsa suka ƙare a Mararaba da Nyanya suna acaɓa, can inda suke kuwa ko rumfar sujada ba mu kafa ba.

Na huɗu, wanda ya fi nauyi, domin akwai ciwon da ke cikin gidanmu wanda ba maƙiyi ne ya kawo shi ba. Shaye-shayen da ke cin samarinmu, daga burukutu zuwa ƙwayoyi. Tsadar aure da ta sa yara ke zama tare ba ɗaurin aure. Gwauruwar da 'yan'uwan miji ke kora daga gona kafin ciyawa ta tsiro a kan kabari. Sayar da filayen gado domin sayen babur. 'Ya'yanmu da ba su iya gaisuwa da harshen kakanninsu ba. Ƙabilanci a zaɓen shugabannin ikilisiya. A kan kowane ɗaya mun yi wa'azi, mun yi taron farkawa, kuma wa'azi yana da wurinsa. Amma likita ba ya ba da magani sai ya auna. Me ya sa shaye-shaye ya fi yawa a wannan ƙauye fiye da na maƙwabta, alhali fasto ɗaya ke zagaya su? Rashin gona ne, ko rashin makaranta, ko kuɗin haƙar ma'adinai da ke shiga hannun yaro ɗan shekara goma sha biyar? Amsar ba za ta fito daga zato ba. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, gaskiya ne. Amma ɗakinsa kaɗai ya sani. In rufin gari duka ke yoyo, sai an sami mai zagayawa gida gida ya gano ko ciyawar ce ba ta da kyau ko masu jinkan.

Mun san akwai abubuwan da ke sa iyayenmu ɗari-ɗari, kuma ba za mu ɓoye su ba.

Ana cewa wannan karatu yana raba yaro da bangaskiyarsa. Gaskiya ne cewa a aji zai karanta Karl Marx, wanda bai ɗauki addini da daraja ba, zai kuma karanta Emile Durkheim, wanda ya bayyana addini a matsayin abin da jama'a suka gina. Zai ji tambayoyin da bai taɓa ji a makarantar Lahadi ba. Amma mu tuna Martin Luther King, fasto ɗan fasto, digirinsa na farko a ilimin zamantakewa ya yi shi, a kwalejin Morehouse a 1948, kafin ya shiga makarantar tauhidi. Mu tuna Kofi Busia na Ghana, ɗan ikilisiyar Metodis, wanda ya sami digirin dakta a Oxford a 1947, ya koyar da wannan fanni, ya kuma zama firayim minista daga 1969 zuwa 1972. Shi ne ma aka ɗora wa binciken ikilisiyoyin birnin Birmingham a Ingila, littafin ya fito a 1966: ɗan Afirka ya je ya auna majami'un Turawa ya gaya musu inda suke ciwo. A gida kuwa, Yusufu Turaki da Matthew Hassan Kukah, ko da yake ba ainihin wannan fanni suka karanta ba, zurfin binciken zamantakewa ne ya haifi littattafansu na 1993, ɗaya a kan abin da mulkin mallaka ya bar wa Arewa, ɗaya a kan addini da siyasa. Yaron da tambaya ɗaya ta malamin jami'a za ta kayar da shi, mu tambayi kanmu irin harsashin da muka sa masa a gida.

Ana cewa babu aiki. Ba za mu yi muku ƙarya ba, wannan ba hanyar yin arziki ba ce, kuma akwai masu digiri na biyu da ke zaune a gida. Karatun ma kansa yana da wahala. Yajin aikin malaman jami'a ya ci wajen wata tara a 2020, ya kuma ci wata takwas a 2022, kuma ɗalibi kan yi watanni yana jiran malami ya duba masa babi ɗaya. Duk da haka akwai ƙofofi: koyarwa a jami'o'i da kwalejoji da makarantun tauhidinmu, hukumar ƙidayar jama'a, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, ma'aikatun jin daɗin jama'a, gidajen gyaran hali, asibitoci, da ƙungiyoyin agaji. Su ƙungiyoyin agajin nan kullum neman masu iya tattara bayanai suke yi, kuma sau da yawa daga nesa suke ɗauko su su zo su yi aiki a garuruwanmu, 'ya'yanmu kuwa su zama masu nuna hanya da tafinta.

Ana cewa in sun yi karatu ba su dawowa. Wannan ya faru, ya kuma yi mana zafi. Maganinsa yarjejeniya ce tun daga farko, ba hana karatu ba.

Akwai kuma tsoron da ba a cika faɗa a fili ba, wato kada yaro ya tona mana asiri. A nan sai mu yi haƙuri, domin mai bincike na gaskiya ba maroƙi ba ne. W. E. B. Du Bois, baƙar fata na farko da ya sami digirin dakta a Harvard a 1895, ya bi unguwar baƙaƙe a birnin Filadelfiya ƙofa ƙofa, ya yi magana da dubban mutane, ya buga sakamakon a 1899. Ya nuna da alƙaluma cewa talauci da cututtukan mutanensa daga hana su aiki da cusa su a munanan gidaje suka fito, ba daga jininsu ba. Amma bai ɓoye laifuffukan da ya gani a cikinsu ba, shi ya sa har waɗanda ba su ƙaunarsa suka kasa ture aikinsa. In 'yarmu ta binciki rikicin manoma da makiyaya, dole ta zauna a rugga ta saurari Bafulatani kamar yadda ta saurari kawunta. Mai yiwuwa ta dawo ta ce mana a wuri kaza namu ne suka fara. Ranar nan kada mu kira ta maciyiyar amana. Wanda aka san ba ya rufa wa nasa laifi, shi ake gaskatawa ranar da ya ce an zalunci nasa.

Ko a cikin Littafi Mai Tsarki ba baƙon abu ba ne. Nehemiya ya zagaya ya duba rusasshiyar garun Urushalima kafin ya kira mutane ga gini. A Ayyukan Manzanni sura 6 kuwa, sai da masu jin Helenanci suka nuna cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci kafin aka gyara tsarin.

Saboda haka ga roƙonmu.

Ga dattawa da kwamitocin ilimi: kowace gunduma ta ware gurbi ko da ɗaya ne domin mai digiri na biyu ko na uku a wannan fanni da danginsa. Kuɗin makaranta ba shi ne kaɗai nauyi ba, fita bincike ma yana cin kuɗin mota da na buga takardu. Wanda ba shi da kuɗi yana iya ba da masauki da tuwo. A buɗe musu littattafan baftisma da na aure da na jana'iza da ke ruɓewa a akwatunan ofisoshinmu, gara tana ci, domin a cikinsu akwai tarihin da babu shi a ko'ina. A kuma rubuta yarjejeniya: wanda aka taimaka zai yi bincikensa a kan wata matsala ta yankinmu, zai kuma kawo kofin kundinsa a ajiye.

Ga fastoci: in ɗalibi ya zo da takardar tambayoyi, ku gabatar da shi ga jama'a, amma kada ku tsaya a kansa lokacin da mutane ke ba da amsa. Matar da mijinta ke duka ba za ta faɗa ba in fasto yana zaune a gefe.

Ga ku 'ya'yanmu masu wannan niyya: kada ku shiga domin gudun zaman banza ko domin a kira ku dakta. Ku riƙe lissafin ƙididdiga da kyau, kada ku guje shi. Kada ku zauna a ɗaki ku cika takardun tambayoyi da hannunku, kada ku saya, kada ku kwafa, ko daga mutum ko daga na'ura, gama wannan shaidar zur ce. In kun gama kuma, ku dawo ku tsaya a gaban zumuntar mata da majalisar dattawa ku faɗi abin da kuka gano da Hausa ko da harshen gida, yadda kaka za ta gane. Kundin da ya ƙare a kan kanta a jami'a, ƙura na binne shi, bai biya bashin mai ƙosai ba.

Kwamitin da muka ambata zai sake zama. Mun ji cewa 'yar tamu tana so ta binciki yadda gwauraye ke rasa gonakin mazajensu a ƙauyuka shida na gundumar. Muna roƙon baba da abokan zamansa su sake kiranta, su ba ta kujera, su bar ta ta yi bayani a natse. Ita kuma ta zo da shiri, ta amsa tambayar baba dalla-dalla, gama ya cancanci amsa.

Ubangiji ya ba shugabanninmu hikima, ya kuma albarkaci karatun 'ya'yanmu. Amin.